Yadda zaka karanta maikiro a jikin kafasita ka canza wa fankarka da kanka

Tunda zafi ya kankama tambayar nan ta ƙi ƙarewa, daga ɗaliban da ke haya a Samaru har magidanta na cikin birnin Zariya da Tudun Wada, kusan maganar ɗaya ce: fanka ta rage gudu, ko tana ta gurnani bata tashi sai an zungure ta da sanda, an ce musu kafasita ce, wato ɗan abin nan mai riƙe caji da ke taimaka wa motar fanka ta tashi ta yi gudu, sun ciro sun ga an rubuta 2.5 da wani harafi kamar u mai jela a gaba, toh mene ne wannan harafin, kuma in an je shago me za a ce a bayar. Shi ne nace bari in zauna in jero aikin daki-daki yadda ko wanda bai taɓa kwance fanka ba zai iya bi, sai dai dan Allah a karanta har da gargaɗin da ke gefen kowane mataki, aikin wuta ne.

Harafin nan µ sunansa miyu, na Girkanci ne, shi ake sawa a madadin maikiro. Ita kalmar daga mikros ta fito, wato ƙarami a Girkanci, ita ce dai kake ji a maikiroskof da maikirowef da bankin maikirofainans. Amma a wajen awo ba ƙarami kawai take nufi ba, abu ne ƙayyadadde, kashi ɗaya cikin miliyan ɗaya, kuma tsarin awo na duniya da ake kira SI wanda aka tsayar a 1960 a haka ya tabbatar da ita. F ɗin da ke biye kuma farad ne, ma'aunin kafasita, sunan Michael Faraday masanin kimiyya na Ingila aka sa masa. Kenan 2.5µF maikirofarad biyu da rabi ne, a kasuwa kuwa "tu foyin faif" kawai zaka ji ana cewa. Mu je ga aiki.

1. Ka fara tabbatarwa kafasitar ce

Da yawa suna zuwa su sayo kafasita su ɗaura, fanka ta ci gaba da halinta, saboda tun farko ba ita ba ce. Alamun kafasita ta gaji sanannu ne: ka ƙure regileta amma fanka tana juyi a sanyaye kamar an rage ta, ko ka kunna ka ji huuum ba motsi, da ka tura fiffike sai ta ɗauka ta ci gaba. Wata ma duk ɓangaren da ka tura ta can zata bi, wannan kam ko kafasita ta mutu ne ko wayarta ta saki.

Kafin ka yanke hukunci ka kashe ta, ka juya fukafukan da hannu ka saki. In ta yi ta juyi a sake ba ƙara, boris lafiya lau. In ta cije da wuri ko kana jin ƙurrr a ciki, boris ne ya bushe ko ya ci, sabuwar kafasita ba zata yi maganinsa ba. Sai ka duba wutar kanta, in duk fankokin gidan sun yi sanyi lokaci ɗaya firji ma yana yunƙuri yana kasa tashi, toh wutar ce ta zo ba ƙarfi, ka jira ta daidaita ko ka gwada da janareto, wutarmu ya kamata ta tsaya wajen 220 zuwa 240. Sannan ka shinshina jikin fankar, in kana jin ƙaurin ƙonewa koyil ya taɓu, wannan sai mai naɗi. In kuma ko gurnanin babu shiru kake ji, ka fara zargin regileta ko waya, a fankar tsaye akwai wani ɗan fis na zafi da ke ɓoye a jikin koyil shi ma yakan yanke.

Gargaɗi: kar ka bar fanka a kunne tana gurnani a tsaye kana cewa zata tashi. Wuta tana shiga koyil ba juyi ba iska, zafi yana taruwa, matsalar ɗan ƙaramin kuɗi sai ta koma ta naɗin koyil. Haka kuma in fankarka mai caji ce ko ta sola, wannan bayanin ba nata ba ne, irin wannan motar bata amfani da kafasitar da muke magana a kai.

2. Kayan aiki da abinda zaka kashe

Tasta, sukundireba mai hannun roba, filaya, baƙin salatif na wayarin, ƙaramin kwanekta in ka samu, tsani ko tebur mai ƙarfi, wayarka ta hannu saboda hoto da tocila. Sai mita ta hannu irin ta masu gyaran lantarki in kana da ita ko zaka iya aro, zamu zo kanta. Kafasitar fanka tana cikin kayan da suka fi arha a shagon lantarki, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabuwar fanka ba, kuma bai kama ƙafar kuɗin naɗin koyil ba. Sau da yawa kuɗin Keke Napep zuwa Sabon Gari ka dawo da ladan mai gyara sun fi kuɗin kafasitar kanta, shi ya sa in fankoki uku ne a gidan suka yi sanyi gara ka duba su duka ka yi sayayya sau ɗaya. Farashi yana motsi da canjin dala, ka tambayi shago biyu ko uku kafin ka biya.

3. Kashe wuta, ba a regileta kawai ba

Kashe regileta ko makunnin bango bai isa ba. Akwai gidaje da yawa musamman na haya da wanda ya yi wayarin ya ɗora makunni akan nutural maimakon layif, ka kashe fanka ta tsaya amma wuta tana nan zaune a saman silin tana jira. Ka je ka kashe babban makunni ko ka zare kat-awut, canjoba ka ajiye shi a tsakiya, in akwai inbata ko sola ka kashe ta ita ma. Kar ka ce ai an ɗauke wuta bari in yi sauri, ba wanda zai maka sallama kafin a dawo da ita. Ka faɗa wa mutanen gida kana sama kar wani yaro ya je ya tada janareto.

Tastar ka fara gwada ta a soket mai wuta tun kafin ka kashe, ka ga ta kawo haske, sannan in ka hau ka taɓa kowace waya da ita. Tastar da ta mutu shiru zata yi maka ka ɗauka ba wuta.

Gargaɗi: kar a ɗora kujerar roba akan tebur a hau. Ka samu wanda zai riƙe maka tsani, ƙafarka da takalmi, hannunka a bushe, in zufa ta yi yawa ka goge.

4. Nemo ta, ɗauki hoto, sauke cajin

A fankar sama akwai kofuna biyu a jikin sandar da ta rataye, ɗaya a manne da silin ɗaya a kan motar. Na ƙasan zaka sassauta ɗan sukurunsa ka tura shi sama, a nan zaka gan ta, ko fara doguwa kamar babban batirin tocila ko baƙa mai kusurwa huɗu, da wayoyi biyu sun fito daga jikinta. A fankar tsaye kuma tana bayan motar in ka cire murfin baya, wasu kamfanonin suna sa ta cikin akwatin maɓallan. Ƙurar hunturu takan rufe ta har rubutun ya ɓace, ka goge da busasshen tsumma.

Kafin ka saki ko waya ɗaya ka ɗauki hoto, biyu ma, ɗaya daga kusa yadda launin wayoyi da inda kowace ta shiga zai fito. Yawancin waɗanda suke rikicewa a ƙarshe wannan matakin suka tsallake.

Ka dube ta da kyau. Wadda ta gaji wani lokacin zaka ga cikinta ya kumbura, robar ta tsage ta gefe, wani abu baƙi ko ruwan toka ya narke ya bullo ya daskare a jiki, in ka kai hanci akwai ƙaurin roba. Amma da yawa zaka gan su tas kamar sababbi alhali sun mutu, saboda abinda ke ciki siririyar leda ce da aka shafa wa ƙarfe aka naɗe, duk sanda wuta ta yi tsalle sai wani ɗan wuri ya ƙone ya fita daga aiki, ga zafin silin na watan Maris da Afrilu, a hankali 2.5 sai ta koma 1.8, ta koma 1, ita kuma fanka tana ta rage gudu.

Bayan ka saki wayoyinta biyu, ka riƙe sukundireba ta hannun roba ka haɗa bakin wayoyin da ƙarfen, in akwai sauran caji zai fita da ɗan tas. Wannan na ƙananan kafasitar fanka ne kawai.

Gargaɗi babba: ƙanƙantar maikiro bata nufin ba haɗari. Kafasitar da ke cikin maikirowef na ɗumama abinci wajen 1µF ce kacal, bata ma kai ta fanka ba, amma an yi ta ne don wutar da ta haura bolt 2,000 kuma tana iya riƙe caji bayan an zare soket. Tana kisa. Kar ka buɗe maikirowef da wannan bayanin, ka kai wa mai gyaransa.

5. Karanta rubutun jikinta

Nan ne asalin aikin, in ka iya wannan sauran duk sauƙi ne.

Ka fara neman lambar da ke manne da µF. Ba kullum ake rubuta µ ɗin ba, wasu kamfanoni u suke sawa su rubuta uF saboda harafin Girkancin baya kan kibod, abu ɗaya ne. Wasu kuma musamman tsofaffin kaya da na famfo da na AC zaka ga MFD ko mfd ko MF, shi ma maikirofarad suke nufi. Toh a nan ne rikicin yake, domin a tsarin awo na yanzu ƙaramin m mili yake nufi, kashi ɗaya cikin dubu, ba cikin miliyan ba. Ka ɗauka farad ɗaya naira miliyan ɗaya ce: mili naira dubu ce, maikiro kuwa naira ɗaya. Kaga 2.5 na mili da 2.5 na maikiro ba kusa suke ba, ninki dubu ne a tsakani. Saboda haka in ka ga MFD a jikin kafasitar fanka ko famfo ko AC ka karanta shi maikiro, amma in fuskar mita ce ta nuna maka mF wannan mili ne na gaske.

Ƙasa da maikiro akwai nF wato nanofarad, sai pF wato pikofarad. Lissafin duka bai wuce wannan ba:
1 mF daidai yake da 1,000 µF
1 µF daidai yake da 1,000 nF
1 nF daidai yake da 1,000 pF
Daga babba zuwa ƙarami ka ninka da dubu, daga ƙarami zuwa babba ka raba da dubu.

Sai ɗigo. Wallahi ɗigon nan ya ƙona fankoki da yawa. 2.5 daban 25 daban, kuma a tsohuwar kafasita ɗigon ne yake fara gogewa, wasu ma waƙafi suke sawa su rubuta 2,5. In kana shakka ka duba girmanta da abinda take yi wa aiki. Fankar sama ta gida yawanci tana tsakanin 2 zuwa 2.5, zaka ga 2.25 ma, fankar tsaye da ta bango wajen 1.2 zuwa 1.5 wasu manya har 2. Wadda ta kai 20 ko 25 ko 35 ta famfo ce ko AC, kuma jikinta ma ya fi girma nesa ba kusa ba.

Wasu basa rubuta µF kwata-kwata sai lamba uku da harafi, kamar 255J. Lambobi biyun farko ka ajiye su, ta ukun yawan sifilin da zaka jera musu ne, amsar kuma a pF take. 255 kenan 25 da sifili biyar, 2,500,000 pF, ka raba da miliyan ya baka 2.5µF. Haka 155 shi ne 1.5, 125 shi ne 1.2, 105 shi ne 1, shi kuma 104 da masu gyaran rediyo suka saba gani 0.1 ne. Harafin ƙarshe rangwamen kuskure ne, J kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, K kashi 10.

Bayan maikiro sai bolt. Zaka ga 400V ko 440V ko 450V da AC a gefe (a nan irin wutar soket ake nufi, ba na'urar sanyaya ɗaki ba) ko wata 'yar alama kamar igiyar ruwa. Wannan ba wutar da take bayarwa ba ce, iyakar abinda zata iya jurewa ne. Mutane suna cewa ai wutarmu 230 ce me ya kawo 450, amsar ita ce in mota tana juyi wutar da ke kan kafasita takan haura ta soket. Zaka kuma iya ganin CBB61, sunan irin kafasitar fanka ne mai kusurwa, CBB60 ita ce doguwa ta famfo da injin wanki, CBB65 mai gwangwanin ƙarfe ta AC.

In ka ga wayoyi uku ko huɗu ko biyar da lambobi irin 1.5µF+2.5µF, kafasita biyu ko uku ne a gida ɗaya, ana samunsu a fankoki masu igiyar ja ko rimot. Wannan sai ka nemo irinta sak, kuma launin waya da lambarsa a rubuce suke a jiki.

Tunda muna kan mili da maikiro bari in ɗan fita daga fanka, domin wannan ya fi fanka muhimmanci. A jikin magani mg miligiram ne, mcg ko µg maikirogiram ne, 1 mg kuma 1,000 mcg ne. Folik asid da ake ba masu juna biyu akwai na 400 mcg akwai na 5 mg, na biyun 5,000 mcg kenan duk da lambarsa ta fi ƙanƙanta a ido. In takardar likita da kwalin magani basu zo da harafi ɗaya ba kar a yi lissafi a gida, a koma a tambayi likitan ko mai famasi.

6. Auna ta da mita

Ba kowace mita ke auna kafasita ba. Ƙaramar nan mai arha da ake kira DT830 bata yi, ka nemi wadda a jikin abin murɗawarta akwai F ko alamar layi biyu suna fuskantar juna. In mai zaɓen mataki ce ka sa ta a 20µF. Kafasitar ta kasance a cire, ka sauke cajinta, ka ɗora bakin mita ɗaya a kowace waya, ba ruwanka da wanne ja wanne baƙi, kar yatsunka su taɓa ƙarfen, ka jira lambar ta tsaya.

Wadda aka rubuta 2.5 da kashi 5, lafiyayya zata nuna tsakanin 2.37 da 2.63. In ta nuna 2.2 ta fara gajiya, in 1.5 ko ƙasa ce ka gama gano matsalarka. Sai dai ka duba ɗan harafin da ke gefen lambar a fuskar mita, masu canza mataki da kansu sukan koma nF ba tare da ka lura ba, ka ga 850 ka ɗauka abu ne babba alhali 850 nF ne wato 0.85µF, ta mutu kenan.

Gargaɗi: akwai gwajin da wasu suke yi, su cusa wayoyin kafasita a soket su zare su haɗa su ta yi tartsatsi su ce lafiyarta ƙalau. Banda haɗarin shokin, wannan bai gaya maka maikiro nawa ya rage ba, wadda ta koma 1 ma zata yi tartsatsi.

7. Sayen sabuwa

Ka tafi da tsohuwar a aljihu. Shagunan lantarki na Sabon Gari da wajen PZ da kasuwar Samaru da Tudun Wada duk ana samu. Ka miƙa masa ka ce "Malam irin wannan nake so, 2.5, mai 450", in yana da mita ka roƙe shi ya auna sabuwar a gabanka, mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Jabu suna da yawa, a jiki an buga 2.5 a ciki bata kai ba, wata in ka ɗaga ta ma zaka ji ba nauyi.

Ƙa'idar ita ce maikiro ya zama daidai da na tsohuwar, bolt kuma daidai ko sama. Mai 450 zata zauna a gurbin mai 400 lafiya, amma mai 250 bata zama a gurbin mai 400.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni. Za a ce maka "Alhaji sa mata 3.5 ko 4 ka ga gudu", kuma gaskiya ne zaka ga gudun a ranar, har ka ji daɗi. Amma ƙarin maikiro ƙarin wuta ne ke bi ta cikin koyil ɗin da ba a naɗa shi don haka ba, zai riƙa zafi fiye da ƙima, kuma fankar da ke kwana a kunne a watan zafi bata samun hutun da zata huce. Ni bana ba kowa wannan shawarar. Daga 2.25 zuwa 2.5 ba komai in ba a samu daidai ba, amma tsalle zuwa 4 sayen naɗin koyil ne a gaba. Ita ma wadda ka ciro in ka ga 3.5 ce a ƙaramar fankar ɗaki, mai yiwuwa wani ne ya taɓa canzawa, ka duba takardar jikin motar ko irin fankar a wani ɗakin.

In ba a samu lambar ba akwai dabara: kafasita biyu in ka haɗa su gefe da gefe, waya da waya, maikironsu taruwa yake, 1.5 da 1 su baka 2.5, muddin duka biyun bolt ɗinsu ya kai. In ka jera su ɗaya bayan ɗaya kuwa raguwa yake.

Gargaɗi: kar ka karɓi irin ta cikin rediyo da talabijin mai alamar + da −, ko da maikiron ya yi kusa. Ta wutar batir ce, in ka sa mata wutar gida fashewa zata yi.

8. Ɗaurawa

Ka sake tabbatarwa wuta a kashe take, ka sake taɓawa da tasta. Kafasitar fanka mai waya biyu bata da gaba bata da baya, kowace waya zata iya shiga kowane gurbi daga cikin biyun da ka cire. Ka buɗe hotonka ka bi shi. Ka feƙe bakin waya kaɗan, ka murɗe da filaya ya kama sosai ko ka ɗaure a kwanekta, ka ja kaɗan ka ji bata zamewa, sannan salatif ya rufe ƙarfen duka. Haɗin da bai kama ba shi ke yin zafi ya narkar da roba. Ita kanta kafasitar ka ɗaure ta a mazauninta yadda ba zata lilo ta taɓa inda ke juyi ba, sai ka sauko da kofin, ka bar ɗan tazara kar ya riƙa gogar motar.

In wayoyi sun rikice maka kuma ba hoto, mita zata fitar da kai. Wayoyi uku ne ke fitowa daga motar. Ka sa mita a ohm, wato wajen alamar Ω, ka auna su biyu-biyu, biyun da suka baka lamba mafi girma su ne kafasita ke shiga tsakaninsu, ta ukun da ta rage ita ce ta tarayya, nutural ke zuwa mata. Layif daga regileta kuma ya hau ɗaya daga cikin ƙafafun kafasitar.

9. Gwaji

Ka sauka, ka janye tsani, ka maido wuta. Ka fara da mafi ƙarancin gudu, lafiyayyar fanka da kanta zata tashi ko a nan ba sai an tura ba. Sai ka ƙure ta ka tsaya a ƙarƙashi. In tana gudu amma ba iska a kanka baya take juyawa, ka kashe wuta ka ɗauke layif daga ƙafar kafasitar da yake kai ka mayar ɗaya ƙafar, shikenan. Ka bar ta ta yi kamar minti ashirin, ka kashe ka jira ta tsaya cak ka ɗora hannu a jikin motar. Ɗumi ba komai ba ne, amma in ba zaka iya barin hannunka a kai ba toh ko maikiron ya yi yawa ko koyil ya riga ya taɓu, kar ka kwana da ita a kunne.

Tunda kana sama ka goge fukafukan, ƙurar da ke kwance a bakinsu tana rage iska sosai, sai dai kar ka danna su da ƙarfi, fiffike ɗaya in ya lanƙwashe fanka zata riƙa rawa.

10. In na famfo ne ko AC

Karatun iri ɗaya ne, lambobin ne suka girma, haɗarin ma ya girma. Famfon cikin rijiyar burtsatse da ake kira samo, mai akwatin kwantirol, kafasitarsa tana cikin akwatin nan na bango, ba sai an zaro famfo daga rami ba, saboda haka in yana gurnani baya turo ruwa a fara duba nan kafin a kira masu zaro shi a biya kuɗi mai yawa. Waɗannan manyan kar ka sauke cajinsu da sukundireba, ka haɗa musu ƙwan fitila irin na da mai zare a ciki na ɗan lokaci ya shanye cajin. Kuma iri biyu ne: akwai ta gudu wadda ke aiki muddin mota na juyi, lambarta ɗaya ce tsayayya kamar 25 ko 30µF, akwai ta tashi wadda yawanci baƙa ce an rubuta CD60, maikironta ya haura ɗari wani lokacin ma a rubuta shi tsakanin lamba biyu, ita daƙiƙu kaɗan take aiki a cire ta daga layi. In ka sa ta tashi a gurbin ta gudu zata yi zafi ta fashe. Ta AC kuma sau da yawa baki uku gare ta, C da HERM da FAN, da lamba biyu kamar 35+2µF, babbar ta kwamfuresa ce ƙaramar ta fankar waje. In baka saba ba wannan ka kira mai gyara, amma ka karanta lambar tsohuwar da idonka ka kuma duba ta sabuwar kafin ya ɗaura.